Ƙafar Malam da Gargaɗin Teku

Ban taɓa ganin teku ba har yau. Ruwa mafi girma da idona ya sani shi ne rafin Iku idan damina ta nutsa, ya cika ya yi jawur yana jan robobi da rassan itace. Amma da yake Allah ke raba abinci, na ɗan farina a bakin teku Ya ajiye masa, can Legas. Aikinsa sanar da jiragen ruwa inda haɗari yake.

Ba na faɗin sunansa. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina gare shi, kunya ta zama biyu. In zan yi maganarsa sai in ce yaron nan, kowa a gidan ya san wanda nake nufi. Ko a wayata "Legas" na rubuta a kan lambarsa, kuma kafin abin da zan ba da labarinsa ban taɓa danna ta ba. Shi yake kira, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a wayar mahaifinsa. Su gaisa, a miƙo mini, in ce ya aiki, ya ce alhamdulillahi, in sa masa albarka in mayar da waya. Abin da ke raina ya fi haka yawa, amma haka na ga uwata tana yi da babban yayanmu.

Yadda aikin yake ma ba ni aka yi wa bayani ba, tsinta na yi. Sallar farko bayan ya kama aiki ya zo gida, nan Suleja, unguwarmu ta Wambai. Malam, maigidana, kafinta ne, rufin kwano ya fi yi. Suna zaune su biyu a tabarma ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ni ina ƙofar kicin ina tsintar wake, kaina a ƙasa, kunnena yana wajensu.

Malam ya ce, "To wai kai yanzu direban jirgin ne, ko kwandasta?"

"Baba, ni ko jirgin ba na hawa. A ofis nake."

"Ka yi karatun ruwa shekara da shekaru, ka ƙare a kujera?"

Yaron nan ya yi dariya, ya jawo babban farantin da suka ci abinci, ya ce a ɗauka wannan shi ne teku. Ya jera murafan kwalba a kai, su ne jirage. Ya ce yadda hanyar Kaduna take da ramuka da motocin da suka mutu a tsakiyar titi, haka teku take da nata, sai dai nata ba a ganinsu sai an iso kansu. Wani jirgin ya nitse tuntuni, ƙarfensa yana nan ƙarƙashin ruwa yana jira. Wata kwantenar ta suɓuce daga jirgi tana yawo, rabinta a ɓoye. Fitilar da ke nuna mashiga ta mutu. Masu shimfiɗa bututu suna aiki a wuri kaza, kada a matso. Ga guguwa, ga 'yan fashi a ƙananan jirage masu gudu.

Duk wanda ya ga irin wannan sai ya sanar da ofishinsu. Su kuma su bincika su tabbatar, su rubuta shi a gajarce, tare da lambobin da ke nuna wurin, irin layukan nan na tsaye da na kwance a jikin taswira da aka koya mana a sakandare. Manyan saƙonni su miƙa wa wata babbar cibiya a ƙasar waje mai kula da duk wannan ɓangaren teku. Daga nan a harba saƙon sama zuwa tauraron ɗan'adam, shi kuma ya watso shi ƙasa.

Ya ɗauki faifai ya riƙe a saman gefe ɗaya na farantin. "Kamar yayyafi, Baba, amma a nan kaɗai zai sauka. Kowane babban jirgi yana da na'ura da ba a kashe ta, dare da rana. In jirgin yana cikin yankin, sai ta karɓa ta fito da shi a rubuce. In na gaggawa ne har ƙara take yi, ba ta shiru sai wani ya zo ya duba. Kuma a kan maimaita saƙon a lokutan da kowa ya sani, har sai an kawar da haɗarin, sannan a aika wani a ce an soke wancan."

"Su kuma sai su bugo su ce sun gode?"

"Ba a amsawa. Ba mu san wanda ya karanta ba."

A raina na ce ashe aikin ladan yake yi. Shi dai ya kira, bai san wanda ya farka ba.

Sai Malam ya yi tambayar da kafinta zai yi. "In ka yi kuskuren awo fa?"

Yaron nan ya ce ai shi ne abin tsoron. Lamba ɗaya in ta sauya, sai a ɗauke haɗari daga inda yake a kai shi nesa kamar daga Suleja zuwa Minna. Jirgi ya kauce wa wurin da babu komai, ya je ya hau kan abin.

Malam ya jinjina kai. Mutumin da ya san inci ɗaya yana sa rufi ya yi yoyo, ba sai an ƙara masa bayani ba. Tun daga ranar, a majalisarsu ta ƙofar masallaci ba shi da zance sai na ɗansa mai riƙe da teku. A gida kuwa ya kafa doka: kada wanda ya raba wa yaron nan hankali. Katangarmu ta baya ta zube, ba a gaya masa ba. Hawan jini ya kwantar da ni, ba a gaya masa ba. Dama can mu ba mu saba faɗa wa na nesa labarin ciwo ba, ko mutum yana kwance magashiyan in an tambaya da sauƙi ake cewa. Dokar Malam ta zo ta zauna a kan abin da muka riga muka saba, ban ji nauyinta ba.

Wata damina Malam ya samu aikin rufin wasu gidajen haya da ake ginawa a Iku. Ran nan ya dawo da la'asar, ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki ya shiga. Na zo zan kawar da su daga hanyar ruwa sai na ga cikin na hagu ya yi baƙi-baƙi, da danshi. Na juya shi. Ƙusa ce ta shiga ta ƙasa, tsininta ya fito ciki.

Na bi shi da takalmin a hannu. "Malam, ɗaga ƙafarka in gani."

Rami ne ƙarami a gindin ɗan yatsan da ke kusa da ƙaramin. Ya leƙa, ya yi dariya.

"Ikon Allah. Tun safe ke nan nake yawo da ita. Kin ga ƙafar maza, ko ji ban yi ba."

Ni ma na yi dariya. Malam ya daɗe da ciwon suga, magani sai ya tuna yake sha. Ba mu san cewa rashin jin nan shi ne ciwon ba.

Ya je kemis aka yi masa allura aka ba shi kafso. Ni kuma ina gasa masa da ruwan zafi da gishiri, in shafa zuma in ɗaure. Ya ci gaba da fita aiki, don ya yi alkawarin gama rufin kafin ruwa ya ɓata katako. Ƙafa ta fara kumbura. Takalmi ya ƙi shiga, ya koma silifas, silifas ma ya yanke masa gefe. Daga nan ya daina hawa tsani. Daga nan ya fara sallah a zaune. Ranar da aka kira sallar Juma'a na gan shi kwance yana kallon silin, mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi sahun gaba, na koma kicin na zauna a kan turmi na rasa abin da na shigo ɗauka.

Da yaron nan ya kira ranar, na ji shi ta cikin waya yana cewa, "Baba, yau ban ji hayaniyar titi ba."

Malam ya ce, "Ai ruwa ake yi." Ruwan kuwa ana yi.

Aka miƙo mini. Ya ce, "Umma, ya jikin Baba da sugan?"

Na ce, "Da sauƙi."

Wari ne ya fara ba ni tsoro. Ina wanke ciwon safe da yamma, ina sauya tsumma, amma ɗakin ya riƙe wani wari mai zaƙi-zaƙi da ban taɓa ji ba. Na riƙa ɗora turaren wuta a kasko don masu zuwa gaisuwa.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga tsohuwar nas ce, Kirista, 'yar kudancin Kaduna, ta yi ritaya tana haya a nan tare da jikokinta. Duk unguwa Sista muke ce mata. Ta shigo aron rariya wata safiya, ta tsaya a tsakar gida tana shaƙar iska.

"Maman yara, wannan ba turare kaɗai ba ne. Wa ke da ciwo a gidan nan?"

Malam ya so ya ƙi. Ya ja zane ya rufe ƙafar, ya ce ɗan rauni ne, ya kusa warkewa.

Sista ta ce, "Oga kafinta, in rufina ya yi yoyo kai nake kira, ba na hawa da kaina. Buɗe mini."

Ya buɗe. Ta sa tabarau, ta danna nan ta danna can tana tambaya ko ya ji, yana cewa a'a. Ɗan yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, na kusa da shi ya fara duhu, ja kuma ya hau bayan ƙafar. Ba ta ce masa komai ba sai sannu. A zaure ta riƙe hannuna.

"Wannan ya wuce kemis, ya wuce ni. Babban asibiti, yau, ba gobe ba. In baƙin nan ya hau, ba yatsa za su cire ba, ƙafa ce. Kin ji ni?"

Na ji ta. Malam ne bai ji ba. Ya ce asibiti yanka kawai suka sani, ga abokinsa birkila da ya shiga da ƙafa biyu ya fito da ɗaya. Ya ce kafintan da ba shi da ƙafa me ya rage masa. Abin da yake tsoro shi ne abin da zamansa a gida yake jawo masa, amma na kasa sa shi ya ga haka. Na roƙe shi, na yi kuka. Abokansa na majalisa suka zo, wani ya kawo garin magani a leda, wani ya ce a dage da addu'a, suka tafi. Yayyensa duk sun rasu, babu babba a kansa.

Mutum ɗaya na sani a duniya da Malam ba ya iya musu da shi. Yadda nake kunyar yaron nan haka shi ma yake, ga shi sunan mahaifin Malam ɗin gare shi. Zai yi masa wasa, zai tsokane shi, amma in yaron ya yi magana da gaske, Malam sai ya sunkuyar da kai ya ce to.

Na ce, "Malam, a gaya masa."

Ya tashi zaune da ƙarfin da ban san yana da shi ba. "Ban yarda ba. So kike hankalinsa ya tashi ya rubuta lamba ba daidai ba? Jirgi ya nitse da bayin Allah saboda ɗan yatsana? Alhakin a wuyan wa?"

Wanda bai san mu ba zai iya yin dariya. Ni ban yi ba, don na yarda da maganar. Na riƙa ganin mutanen cikin jirgin a idona, 'ya'yan wasu, da iyayensu mata suna jiransu a garuruwan da ban san sunansu ba. In dubi ƙafar Malam, in tuna su. Kuma tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tsallake abin da ya hana ba. Na yi alwala na yi raka'a biyu, na roƙi Allah Ya nuna mini hanyar da ba zan cuci kowa ba.

Abin da ya zo mini shi ne: an hana ni faɗa, ba a hana ni tambaya ba. Da hantsi na shiga kicin na jawo ƙofa, na danna lambar nan.

Bugu ɗaya ya ɗauka. "Umma? Lafiya?"

"Lafiya. Kana duti ne?"

"Na sauka tun safe. Umma, ke ce kika kira da kanki?"

"Tambaya gare ni. Saƙon nan da kuke aika wa jirage, in ka rubuta, shi ke nan ya tafi?"

Na ji murmushi a muryarsa. Ban taɓa tambayarsa komai game da aikinsa ba. Ya ce ina, ai ba a barin mutum ɗaya da lamba. In ya rubuta, sai wani ya zauna da asalin rahoton, shi yana karantawa da ƙarfi wancan yana bi, sannan su ɗora a taswira su ga ko wurin ya faɗa inda ya kamata. Ya ce akwai ranar da sabon ma'aikaci ya ajiye jirgin da ya nitse a tsakiyar gari, aka yi ta yi masa tsiya, amma saƙon bai fita ɗakin ba.

"To in mutum hankalinsa ba ya jikinsa fa? A ce wani abu ya same shi a gida."

"Sai ya faɗa, wani ya karɓe shi. An fi son haka ma."

Da ya ga na buɗe ƙofar hira sai ya ci gaba, kamar yaron da ya dawo daga makaranta da labari. Ya ce abin da ke ba su wahala ba rubutun ba ne, shirun mutane ne. Kwanan nan wani tsohon kwale-kwalen ƙarfe na dakon kaya ya tsinke yana yawo a ruwa, ba fitila ba kowa a ciki. Jirage sun wuce shi, sun gan shi, kowa ya ɗauka wani ya riga ya sanar, wani kuma ba ya son a tsare shi da tambayoyi. Sai da masunta suka yi karo da shi, Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, sannan labari ya iso.

"Mu daga ofis ba ma ganin teku, Umma. Abin da aka gaya mana shi kaɗai muka sani."

Sai na tuna ƙafar Malam.

"Umma, akwai wani abu ne?"

"Zan kira ka yanzu," na ce, na kashe.

Na shiga wajen Malam na durƙusa a bakin gado. Na gaya masa yadda muka yi, cewa su biyu ne a kan kowace lamba, cewa akwai mai karɓarsa. Ya ce yaro ne, faɗa kawai yake don ya kwantar mini da hankali.

Na ce, "Malam, zan gaya masa. Ban so in yi a bayan idonka ba, shi ya sa na zo."

"Na hana."

"Na ji ka hana. Ka yafe mini."

Ya juya fuskarsa bango. A nan gabansa na kira, na buɗe muryar wayar don ya ji duk abin da zan ce. Na ɗora ta a kan katifa.

Na ce, "Babanka ba shi da lafiya. Ƙusa ya taka, ciwon ya ruɓe. Sista ta ce in ba a je asibiti ba za a rasa ƙafar. Ya ƙi zuwa."

Na zaci zai yi salati ya ruɗe. Sai na ji wata murya da ban san shi da ita ba, a kwance, ba gaggawa. Wace ƙafa. Wane yatsa. Tun yaushe. Baƙin ya kai ina. Akwai zazzaɓi. Yana tambaya ina amsawa, har na ji hankalina ya ɗan kwanta. Ya ce in kunna bidiyo in nuna masa. Na ɗaga zanen, Malam bai hana ba. Yaron nan ya kalla da kyau, sannan ya ce:

"Ba Baba wayar."

Malam ya karɓa yana gyara murya. "Kai, da sauƙi fa. Uwarka ce da ɗaga hankali."

"Baba, zan shigo mota yau, gobe ina nan in sha Allahu. Amma ba za a jira ni ba. Yanzu za ku tafi, Sista ta raka ku."

"Aikin naka fa? Wa zai..."

"Baba, don Allah."

Malam ya dubi ƙafarsa, ya dubi bango. Ya ce, "To."

Keke ba zai yiwu ba, sai tasi muka ɗauko har ƙofar gida. Sista ta zauna gaba tana faɗa da direba kan ramuka, ni da Malam a baya, ƙafarsa a kan cinyata cikin tsumma. Har muka isa bai dube ni ba.

Aka ba shi gado, aka sa masa ruwa, aka shiga faɗa da sugan. Washegari da safe ina zaune a bakin gadon sai na ga yaron nan a ƙofar ɗakin, jaka a bayansa, idanunsa sun yi ja saboda hanya. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa. Malam ya ce, "Ka sha hanya," kamar Sallah ya zo.

Likita ya kira mu gefe ni da shi. Ya ce yatsu biyu sun riga sun tafi, dole a cire su tare da naman da ya mutu. Sauran ƙafar ba zai yi alkawari ba sai ya buɗe ya gani, amma yana da fata, don jini yana isa har dunduniya. Ya ce da an ƙara jinkiri da ba wannan maganar muke yi ba.

Da aka shiga da Malam ɗakin tiyata, muka zauna a benci a baranda. Tun da aka yaye shi aka kai shi wajen kakarsa ban zauna kusa da yaron nan haka ba, kafaɗa da kafaɗa. Na lura da furfura biyu-uku a gefen kansa, ban san yaushe suka fito ba. Ya tashi ya sayo shayi da burodi, ya miƙo mini kofi da hannu biyu.

"Umma, na gode da kika kira."

Na dubi ƙasa. Na ce, "Sha shayinka kada ya huce."

Malam ya farfaɗo bayan azahar. Kafin ya ce komai sai da ya ɗaga kai ya leƙa ƙarshen gado. Ƙafa tana nan, a naɗe da farin bandeji kamar ƙullin kaya, amma tana nan har dunduniya. Ya motsa ta. Ya mayar da kai kan matashi, leɓɓansa suna motsi, hawaye yana gangarawa cikin kunnensa. Na juya baya na shiga gyara kwanuka don kada ya san na gani.

Da ya samu ƙarfi kwana biyu, tsokana ta dawo. Ya dubi ɗansa da ke zaune yana ɓare masa lemo.

"Kai, wai wa ka bar wa tekun?"

"Wata abokiyar aikina ce ta karɓe ni, Baba."

"Mace?"

"Ta riga ni shiga aikin. Ita ta koya mini ma."

"Kuma jiragen suna ta tafiya?"

"Suna ta tafiya."

"Ba wanda ya nitse?"

"Ko ɗaya."

Malam ya yi tsaki. "Ashe ni kaɗai nake ta wahalar tsare maka teku daga Suleja."

Dattijon da ke gadon kusa, wanda Malam ya riga ya cika wa kunne da labarin ɗansa, ya yi dariya har sai da nas ta leƙo.

Ni dai ba a huce da ni ba. Duk zamanmu a asibiti ta bakin ɗansa yake mini magana. "Ce wa uwarka ta miƙo buta." "Tambayi uwarka ko ta ci abinci." Ina zaune a gabansa. Na haƙura, don na san na yi abin da ya hana, kuma namiji irin Malam yana bukatar lokaci kafin ya sauko. Da yaron nan ya koma Legas, Malam ya rasa ɗan aike, sai ya koma yi wa iska magana: a kawo ruwa, a rufe taga.

Ciwon ya daɗe kafin ya cike. Muna zuwa wankin ciwon a asibiti, daga baya Sista ta karɓa tana yi a gida, tana yi tana yi masa faɗa kan shayi mai sukari. Hawa rufi ya ƙare masa, wannan likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye. Yanzu ƙofofi da tagogi yake yi a shago, in an samu rufi ya tsaya a ƙasa da tef ɗin awo yana ɗaga wa masu hawa murya. Ya koma masallaci da ƙafarsa, cikin takalmi rufaffe mai faɗin baki, yana ɗan ɗingishi.

Likita ya bar mana aiki ɗaya: tunda ƙafar ba ta jin ciwo, ido ne zai ji mata. Kullum a duba tafin, a duba tsakanin yatsu, a zazzage takalmi kafin a sa. Malam ya ce shi zai yi abinsa. Ya ɗauki ƙaramin madubina, kullum bayan la'asar ya zauna a tabarma ya lanƙwashe kamar mai yankan farce, yana juya madubi, yana ƙunƙuni. Ni ina daga nesa ina kallo.

Wata la'asar ina kwashe shanya na ji ya ajiye madubin da ƙarfi.

"Ke."

Na waiwaya, don na daɗe ban ji wannan kiran ba.

"Zo ki duba mini. Madubin nan naki ba ya nuna komai sai gemuna."

Na ajiye kayan a kan igiya, na zo na zauna, na ɗora ƙafar a cinyata. Na bi tafin da yatsa a hankali, na buɗe tsakanin ukun da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Fatar ta yi laushi, tabon ya kwanta.

"Lafiya lau," na ce.

"Kin duba da kyau?"

"Na duba."

Ya janye ta, ya miƙo ta daman.